Dalilin Tafiyar Ladi Bauchi

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa yayarku Ladi ta tashi a Bauchi wurin kakarku ne saboda sanyin Jos bai karɓe ta ba. Ni na fara faɗin wannan magana. Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ƙaryata ni a gabanku ba, ku ma kuka ɗauka kuka gaya wa 'ya'yanku. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai rabi ba. Yanzu da ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, na ga gara in rubuta yadda abin ya faru da hannuna, kafin in tafi in bar ku da labarin da na gyara don in rufa wa kaina asiri.

A lokacin muna zaune a Gada Biyu. Gidaje ba su yi yawa ba, in ka tsaya a ƙofar gida kana hango duwatsu babu abin da ya tare ka. Turawa na nan ba su tafi ba tukuna, kuma kusan kowa a Jos, in ba ya haƙar kuza to yana cin abinci ne daga hannun mai haƙarta. Gidan haya muke ciki. Muna da ɗaki ɗaya na kwana, da wani ɗan ƙarami marar taga inda muke ajiye itace da diga da shebur ɗina. Ɗakin da ke kallon namu na wata Bayarabiya ce 'yar Ogbomosho, ana kiranta Iya Sikira, tana da tebur a bakin hanya tana sayar da kananzir da ashana da kyandir da sabulu. Ta girme mu sosai, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba.

Ni ɗan loto ne a wancan zamani. Loto rami ne da ake haƙawa kamar rijiya, a yi ta nutsawa har a tarar da ƙasar da ke ɗauke da kuza, sa'an nan a bi ta a kwance kamar gafiya. Da igiya ake saukar da mutum, da guga ake jawo ƙasa. Ba a shiga sai da kyandir, kuma ba don gani kaɗai ba. Kyandir ne ke gaya maka ko akwai iskar shaƙa a wurin. In ka ga harshen wutar ya fara ƙanƙancewa, yana yin ƙasa, ya koma shuɗi alhali babu mai hura shi, to iskar ta ƙare. Abu biyu ake koya wa kowa. Na farko, ka gaya wa waɗanda ke tare da kai ku fita, kada ka tsere kai kaɗai. Na biyu, in fitar ta yi wuya, ka yi shiru, ka riƙa jan numfashi kaɗan-kaɗan har a jawo ka. Na gaya muku wannan tun yanzu, don haka za ku riga ni gane abin da ni ya ɗauke ni damina guda.

Ladi ita ce 'yar farinmu, shekarunta biyar a lokacin. Kun san kunyar ɗan fari, ko da yake a zamaninku ta yi sauƙi. Mahaifiyarku ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, ba ta shigar mata. Sai dai ta ce "yarinyar nan" ko "waccan". Da aka yaye ta an kai ta Bauchi wurin kakarku ta wajen uwa, wadda nake kira Inna, kuma kowa ya ɗauka ta zauna ke nan, don haka aka saba. Ni ne na ƙi. Na hau mota na je na yi ta ba Inna haƙuri har ta sake mini ita, ranta bai so ba. Na ga yadda 'ya'yan Yarabawa ke wucewa makaranta da allunansu na baƙin dutse, na ƙudura a raina tawa ma sai ta je. Na kuwa riƙa alfahari da wannan, ina ganin na fi tsarana wayewa. In abokan aikina suka taru a ƙofar gida bayan la'asar muna hirar rami, nakan bar ta ta zauna a gefen tabarmata tana jera tsakuwa. Muna ba da labarin ranar da wuta ta yi shuɗi a hannun wane, da yadda aka jawo wane a sume. Ban taɓa kawowa a raina tana sauraro ba.

Farkon daminar shekarar na sayi fitilar ƙwai. Kafin nan aci-balbal muke kunnawa, in za a kwanta mahaifiyarku ta hure ta, kowa ya ji hucin kuma ya gani. Sabuwar kuwa tana da ɗan ƙarfe a gefe, in ka murɗa shi sai lagwani ya yi ƙasa, wutar ta yi ta raguwa a hankali har ta mutu. Na buga mata ƙusa a bango ta wajen kaina, yadda ina kwance zan miƙa hannu baya in murɗa ba sai na tashi ba. Daren farko da na yi haka, ɗakin bai gama yin duhu ba sai na ji yarinya ta miƙe daga tabarmarta ta kamo ƙafata.

"Baba, mu fita."

"Mu fita ina?"

"Waje. Ka tashi. Ka tashe ta ita ma, mu fita."

"Koma ki kwanta. Dare ya yi."

Ba ta koma ba. Ta yi ta jan ƙafata, ta koma ta ja zanen uwarta, ta tafi ƙofa ta dawo, tana haki kamar wadda ta yi gudu. Da ta ga ba mu motsa ba sai kuka. Na kunna fitila don in ga ko wani abu ne ya cije ta. Wuta na kamawa ta yi shiru, ta tsaya tana kallon ƙwan fitilar, ta ja dogon numfashi, ta koma ta kwanta. Na jira kaɗan na sake murɗawa. Ta sake miƙewa. Haka muka yi washegari, haka jibi, har aka yi mako uku.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yarinyar ba matsoraciya ba ce. Takan kama ƙadangare da hannu ta juya shi ta duba cikinsa. In matan gidan na tatsuniyar dodo, sauran yara na maƙalewa a jikin iyayensu, ita tambaya take yi: in babu yara a garin, me dodon yake ci? Takan ratsa tsakar gida zuwa bayan gida a daren da babu wata, ba mai riƙe mata hannu. Sai abin ya zame mini kamar wasa ƙwaƙwalwa, ina cikin rami ina saran ƙasa ina lissafa shi. Na ce ko rigata da ke rataye a ƙusa ce ke yi mata kama da mutum, na sauke ta. Na ce ko ɓeraye ne a saman ɗaki, na aro kyanwa. Na ce ko ƙarar kwanon rufi ce in ya fara hucewa, na zauna da ita da yamma muka saurara tare, ta ce ta san wannan, kwano ne ke miƙa. Na canja mata wurin kwanciya, na sa ta tsakaninmu da bango. Wata rana da gangan, bayan magariba kafin a kunna fitila, na aike ta cikin ɗakin ta ɗauko mini hula. Duhu ƙirin. Ta shiga tana 'yar waƙarta, ta lalubo hular ta kawo. Na riƙe hular ina juya ta a hannu. Ɗaki ɗaya, duhu ɗaya, me ya raba na magariba da na lokacin kwanciya?

Na je wurin malamin unguwa ya ba da rubutu, ta shanye ta ce yana ɗanɗanon hayaƙi, da dare ta tashi kamar kullum. Ita kanta na tambaye ta, amma tambaya iri ɗaya na iya.

"Me kike gani in an kashe fitila?"

"Ba na ganin komai."

"To me kike ji? Akwai mai kiranki?"

"Babu."

"To me ya sa kike kuka?"

"Don kun ƙi tashi."

Gaskiya ta faɗa mini duka, ni ne ban san inda zan ɗora ta ba. Na ɗauka taurin kai ne, tana son a fita da ita yawo.

Mahaifiyarku ta ce, tana kallon wani wuri kamar ba da yarinyar take ba, ko za a bar fitilar har mai kukan ta yi barci. Muka gwada. Sai yarinya ta ƙi barcin sam, ta kwanta ta zuba wa wutar ido kamar an ba ta gadi. Ni kuma da asuba zan sauka rami, kuma mai gyangyaɗi a cikin loto ba kansa kaɗai yake jefawa a hatsari ba. Raina ya fara ɓaci. Iya Sikira ma ta samu abin tsokana. Duk safiya in na fito da diga sai ta ɗaga murya, kuma da gayya take kirana da sunan 'yar fari don ta ga ina sunkuyar da kai.

"Baba Ladi, yaya gajiya? Jiya ma mun ji wa'azi. Yarinya ɗin nan shi ne liman na gidan nan."

"Iya, a bar maganar."

"Ka kawo shi ɗakina ya kwana. Ni ba na tsoron kuka, na yi guda bakwai."

Da na karɓi wannan tayi, da ban zauna rubuta wannan labari ba. Amma na ga kamar a ce na kasa da gidana.

Helmanmu, wato shugaban leburorin raminmu, wani dattijo ne Babarbare mai suna Bukar. Yana da hanyar da yake cire wa sabon ɗan loto tsoro. Sai ya sauka da shi wani rami marar zurfi inda iska ke da kyau, ya kashe kyandir, ya hau igiya ya bar shi a ciki gwargwadon shan taba ɗaya. In aka jawo mutum, ya riga ya gane duhu ba ya cizo. Ni ma haka aka yi mini. Ranar da ya ga ina hamma a bakin rami na ba shi labarin gida, ya yi dariya.

"Kai da aka bar ka a ƙasa ba ka kira sunan uwarka ba? Ga shi yanzu kai ke riga kowa sauka. Duhu sai an zauna da shi."

"To ko haka zan yi mata?"

"A'a. Wannan na ƙatti ne masu gemu. Yaro lallashi ake yi."

Ku lura, ya hana ni. Kada wani ya ɗora masa. Na ɗauki rabin maganarsa da ya yi mini daɗi na bar rabin a bakin rami.

A daren, bayan sallar isha'i, na ɗauki fitila na kama hannun Ladi muka shiga ɗakin itace. Ta biyo ni da murna, ta ɗauka wani abu zan nuna mata. Na zaunar da ita a kan buhu, na tsaya na sa fitilar a bayana kamar yadda na saba, na murɗa. Wutar ta yi ƙasa, ta yi shuɗi, ta mutu. Na fita na ja ƙofa na sa sakata. Mahaifiyarku na tsaye a bakin ɗakinmu da cikin Garba wata bakwai.

"Malam," ta ce.

"Shan taba ɗaya ne. Ni ma an yi mini."

Ba ta da bakin da za ta roƙa wa 'yar fari. Daga ciki muka ji an buga ƙofa, an ce "Baba, ta mutu, buɗe." Sau biyu. Daga nan shiru. Na tsaya ina jira a fasa kuka, ba a fasa ba. Har na ji wani daɗi a raina, na ce ashe hanyar helma tana ci har ga yara. Da na buɗe na kunna ashana, na same ta a tsugune ta kafa hanci a ƙasan ƙofa, ta rufe baki da hannu biyu, ƙirjinta na motsi kaɗan-kaɗan. Na ga wannan da idona. Ni da na shekara takwas a loto, na ga yarinya tana numfashin da muke koya wa juna, ban gane ba. Na ɗauke ta na ce, "Kin gani? Me ya cinye ki?" Na mayar da ita kan tabarmarta.

Daga ranar kuka ya ƙare. In na murɗa fitila ba mai kama ƙafata. Na yi barci har da minshari, na je na ba da labari a bakin rami. Helma ya dube ni, ya juya ya kama igiya. Abin da ban sani ba shi ne, da zarar numfashina ya yi nauyi, sai yarinya ta tashi a hankali ta zare sakata ta fita ta kwanta a dokin ƙofa ta waje. Ta daina tashinmu, ta ga ba ma ji. Mahaifiyarku ta sani tun daren farko. Takan jira har barci ya ɗauke ta a can, ta fita ta ɗauko ta ta mayar kan tabarma, ba ta gaya mini ba don tana tsoron in sake kai ta ɗakin itace. Amma mai tsohon ciki ba kullum take iya riga barci ba. Wani dare cikin tsakiyar damina barci ya sace ta, aka yi ruwa irin na Jos mai haɗe da ƙanƙara. Iya Sikira ce ta fito da asuba ta tarar da yarinya a jiƙe tana karkarwa. Kafin azahar jiki ya yi zafi, numfashi na fita da ƙyar. Muka kai ta asibiti, aka ce sanyi ya shiga haƙarƙarinta. Ta kwana tara ana yi mata allura. A cikin kwanakin nan aka aika Bauchi cewa jikar Inna ba lafiya, ciwon ƙirji.

Allah ya sa ta tashi. Da muka dawo gida, da rana takan zauna a gindin teburin Iya tana shan hantsi. Wata rana na dawo daga aiki, tun daga nesa na ga Iya ta bar teburinta ta tsaya a tsakiyar hanya ta riƙe ƙugu.

"Baba Ladi, zo nan. Kai ne ka gaya ma yarinya in wuta ya mutu iska ya ƙare?"

"Ni? Ban taɓa yi mata wannan magana ba."

"Ba shi ka gaya ma ba. Abokanka ka gaya ma, shi yana zaune. Yau na kunna kyandir zan liƙe bakin kwalba, ya mutu. Yarinya ya ce, Iya kada ki ji tsoro, nan waje ne, iska da yawa, a ɗaki ne yake ƙarewa. Na ce wa ya gaya maka? Ya ce Baba. Ya ce in wuta ya yi ƙarami ya yi shuɗi, sai a gaya ma kowa a fita."

Na ajiye diga a ƙasa. Duk abin da na kasa haɗawa ya haɗu a tsaye a wurin: hular da ta ɗauko a duhun da ba wutar da ta mutu a cikinsa, gadin fitila, hancin da ta kafa a ƙasan ƙofa. Ba duhu take tsoro ba. Aikin ɗan loto nagari take yi mana kowane dare, mu kuma muna ce mata ta koma ta kwanta.

"Kai babban mutum," in ji Iya, "ka tambayi malam, ka tambayi kyanwa. Ni da kwalba ɗaya na ji."

Na kira Ladi cikin ɗaki, rana na nan ba ta faɗi ba. Tun daren ɗakin itace ba ta yarda mu kaɗaita, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Na sauko da fitilar na ajiye a ƙasa na kunna, na nuna mata ɗan ƙarfen. Na murɗa, wuta ta yi ƙasa. Na mayar, ta taso. Ta matso. Na ce ta kama da kanta. Ta murɗa a hankali, ta mayar, ta sake, ta leƙa ta ƙasa tana neman inda lagwanin ke shigewa.

"Kai ne kake kashe ta?"

"Ni ne."

"Kullum?"

"Kullum. Hannuna ne ba ki gani."

"A ɗakin itace ma?"

"Ni ne."

Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta tambaye ni dalili. Sai ta ce, "To iskar ɗaki ta ina take shigowa in an rufe ƙofa?" Na nuna mata tsakanin kwanon rufi da bango, na nuna mata ƙasan ƙofa. Na kawo kwano na kife a kan guntun kyandir, muka jira, na ɗaga, ya mutu. Na ce wannan shi ne rami, ɗaki kuwa ba a kife yake ba. Ta sa na yi sau uku. Ta tambaya ko iskar tana gajiya, ko tana kwana, ko ta Bauchi ce ke zuwa Jos. Wasu na amsa, wasu na ce ban sani ba. A daren ita ta murɗa fitila da hannunta, ta kwanta, ta yi barci har safe. Washegari ma haka.

Rana ta uku Inna ta iso. Ta duba jikarta, ta taɓa haƙarƙarinta da suka fito, ta zauna a kan tabarma a tsakar gida. Na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda suruki ke yi. Mahaifiyarku na bakin murhu ta ba mu baya.

"Tun yaye na faɗa," in ji Inna. "Garin nan na kan dutse ba na yara ba ne. Ka zo ka yi ta magiya na ba ka. Ga abin da sanyi ya yi mata."

"Haka ne, Inna."

"Zan tafi da ita. In ta yi ƙwari, shekara guda, sai a gani." Sa'an nan ta ƙara, don mace ce mai adalci. "Sai dai in akwai wani abu ban da sanyin. In akwai, faɗa mini. Ni ba na raba ɗa da ubansa a kan banza."

Ƙofa ce ta buɗe mini. Da na ce, Inna, ba garin ba ne, a waje ta kwana cikin ruwa, kuma ga abin da ya fitar da ita, kuma an gane shi an gyara, kwana biyu ke nan tana barci lafiya, na tabbata da ta yi faɗa ta huce ta bar mini 'yata. Amma kafin in kai ga "an gyara" sai na bi ta ɗakin itace. Sai na faɗa da bakina, a gaban matar da na karɓo yarinyar daga hannunta ina cika baki, cewa na kulle 'yar shekara biyar a duhu na sa sakata. Na dubi ƙasa. Na ji muciya ta tsaya a cikin tukunya, mahaifiyarku na jira. Ita ba za ta iya ba, a gaban uwarta, a kan 'yar fari. Ni kaɗai ke da baki a wurin.

"Sanyi ne, Inna," na ce.

Iya Sikira na tsaye a ƙofar ɗakinta. Ta faɗi wata magana da Yarabanci, ta shige ta saki labule. Ba ta sake kirana Baba Ladi ba har muka bar gidan.

Bayan kwana biyu na raka su tasha. Na ɗaga Ladi na miƙa ta bayan babbar mota, ta zauna a kan ƙunshin kayan kakarta. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai take yi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Mota ta tashi.

Shekara guda ta zama biyu, aka haifi Garba, aka haifi Asabe, kowace shekara in na tayar da maganar sai Inna ta ce ƙirjin yarinya, ni kuma ba ni da abin cewa tunda ni na ba ta hujjar. Inna ba ta yarda da boko ga 'ya mace ba. Ku duka bakwai na sa ku makaranta, har da matan, mutane na yabona a kan haka. Wadda ta tambaye ni ko iska tana kwana ba ta taɓa zama a aji ba. A Bauchi ta girma, a can ta yi aure, in ta zo Jos baƙuwa ce, a shimfiɗa mata sabuwar tabarma. Kun sha tambayata me ya sa ita kaɗai take ce mini Malam. Nakan ce tashin hannun kaka ne.

Bayan rasuwar mahaifiyarku na je Bauchi na kwana biyu a gidan Ladi. Ta riga ta yi furfura, jikokinta na kai da kawowa. Da hantsi muna zaune mu biyu a inuwa tana tsince shinkafa, na ba ta labarin nan kamar yadda na ba ku, ban rage komai ba. Na ce ta yafe mini ɗakin itace. Ta ci gaba da tsintar.

"Ɗakin itace ban tuna shi ba, Malam," ta ce. "In an yi, na yafe. Motar na tuna."

"Me kika tuna?"

"Bakinka nake kallo. Na ga kamar za ka ce a sauko da ni."

"Na so in ce."

"Na sani. Ai na ga ya motsa."

Ta kaɗa tiren, ta ware tsakuwa gefe guda, ta kira wata jikarta ta kawo mini ruwa.

Wannan shi ne dalilin tafiyar yayarku. Duk wanda ya fara samun hanyar Bauchi a cikinku, ya tafi da waɗannan takardu. Kada ya miƙa mata ya juyo. Ya zauna ya karanta mata, a hankali, don ita ba za ta iya karantawa ba.